Ma'aunin da Orval Ya Rataya a Bango

A duk kwarinmu na gabashin Kentucky babu wanda Doyle Tackett bai taɓa arar kayansa ba. Tsani, zarto, tirela, har murhun gasa nama. Ba ya tambaya. In ya tarar da gareji a buɗe ɗauka kawai yake yi, sai kun haɗu a coci ya gaya maka yana dariya. Hali zanen dutse.

Da kaka ya ɗauki a-kori-kurar maƙwabcina Orval Pruitt don ɗauko ciyawar shanu. Motar mai shan dizal ce, ta Garrett, ɗan Orval tilo, wanda ramin kwal ya rufta da shi. Ranar Lahadi kaɗai Orval ke tayar da ita, ya zagaya ya dawo ya goge ta. Doyle ya ɗaura mata ƙaramar tirela a baya, ya labta wa tirelar kaya fiye da ƙima, tiyon lagireto ya fashe a kan tudu, yana kallon allurar zafi ta hau ja bai tsaya ba, sai da inji ya buga. Ya yasar da ita a bakin hanya ya tafi gida.

Washegari muna karya kumallo a shagon abincin Loretta, Doyle ya shigo yana hura hanci.

"Orval, tsoho, motar nan da ma ta gaji da duniya," in ji shi. "Ka gode mini, na rage maka wahalar jana'iza."

Wani ya fara dariya, ya tuna ko motar wa ce, ya haɗiye. Orval ya shanye kofinsa ya tashi ya fita. Ni dai na san shiru ba tsoro ba ne.

Da sanyi ya shigo muka sauke injin a garejinsa. Na yi rayuwata ina tuƙa manyan motoci, hannuna ya san noti, saboda haka kullum da hantsi ina can. Fistin biyu sun narke sun manne. Muka kai gangar injin gari aka rarake ta, aka goge karanshaf, sandar nan da fistin ke juyawa, muka dawo muka sa sabbin fistin da ringi, kowane noti da awonsa. Orval ba ya magana sai ta aiki.

Da muka zo kan inji, wato murfin da ke saman gangar, ya ce sai ya daidaita ramukan iska. Bututun da ke kawo iska da kan inji baki da baki suke haɗuwa, da gasket, shimfiɗar da ke hana yoyo, a tsakani, amma yadda ake ƙera su ramukan ba sa zama daidai, sai iska ta riƙa tuntuɓe. Ya shafa shuɗin tawada, ya ɗora gasket, ya zana da tsinken ƙarfe, ya kama gurza a hankali, yana yi yana shafawa da yatsa. Aikin ba ya son zari, domin bayan bangon ramin akwai hanyar ruwan da ke sanyaya inji, bangon kuma ba shi da kauri.

Da ya gama nasa, sai na ga ya ɗauko fallen gwangwani ya kwafi gasket ɗin a kai. Ya yanke ramukan, amma ya faɗaɗa kowane ɗaya da kaurin fensir. Ya goge shi tas, ya shafa masa tawada kamar an mora, ya rataya a ƙusa daidai bakin ƙofa.

Na ce, "Orval, duk wanda ya bi wannan ma'auni zai mai da bangon ruwa ɓawon albasa."

"Ado ne, Virgil. Bangon nan ya yi fili da yawa."

Na dube shi, ya dube ni. Na ɗauki sifana na ci gaba da aikina.

Da bazara motar ta tashi, tana gurnani kamar ba ta taɓa ciwo ba. Ya ajiye ta a ƙofar shagon Loretta, maza suka fito suna leƙa ƙarƙashin bonet. Doyle ne a gaba, domin shi ma ya kwance injin tasa motar, irin ta Garrett ce sak, yana shirin gasar jan nauyi ta bikin gunduma.

"Me ka ba ta ta sha haka, tsoho?"

"Iska," in ji Orval. "Ramukan iska ne sirrin. Ma'aunin na rataye a garejina, kuma ban yarda kowa ya taɓa ba. Musamman kai."

"Ni? Me zan yi da gwangwaninka? Na fi ka sanin inji tun ina rarrafe."

"To madalla."

Ranar Lahadi muka dawo daga coci muka tarar ƙusa ita kaɗai. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Orval ya tsaya yana kallon ƙusar, a karo na farko tun rasuwar Garrett na ga haƙoransa.

Ranar gasa rana ta take, filin ya cika, ƙanshin masara gasasshiya ko'ina. Aka ɗaura wa motar Doyle keken nauyin nan da ke ƙara nutsewa a ƙasa in ana jan sa. Ya leƙo ta taga ya ɗaga wa Orval hula. Ya taka totur, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, mota ta zabura, mutane suna tafi. Ya kai tsakiyar fili sai hayaƙin ya koma fari. Bangon ramin da Doyle ya gurza bisa ma'aunin Orval ya tsage, ruwa ya afka cikin silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Muka ji ƙara kamar an harba bindiga, sandar fistin ta fasa gangar ta leƙo waje, baƙin mai ya malale a ƙasa.

Tarakta ta ja shi gefe. Orval ya matso da motar Garrett, sarƙa a hannunsa. Doyle ya sauko fuska duk gumi.

"Ma'aunin nan naka, Orval..."

"Wane ma'auni? Na ba ka wani abu ne?"

Doyle ya waiga, ya ga jama'a sun kewaye su suna jiran amsa. In ya amsa, ya tona asirin kansa.

"Shiga motarka ka riƙe sitiyari, maƙwabci," in ji Orval. "Ba a barin mutum a hanya."

Masu hikima sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma ni ban ga laifinsa ba. Orval ya ɗaure motar Doyle a bayan tasa da sarƙar, ni kuma na shiga na zauna gefen Orval. Gidan Doyle yana hagu in an fita daga fili. Orval ya karya dama, ya nufi tsakiyar gari a giya ta ɗaya. Muka wuce gidan mai, muka wuce shagon aski. A ƙofar Loretta ya danna ham bai saki ba sai da kowa ya fito da cokali a hannu. A bayanmu Doyle ya sauke hula ya rufe fuska, mai na ɗiga a kwalta.

A ƙarshen titi ya leƙo yana ihu cewa hanyar gidansa ga ta can.

Orval ya dube shi ta madubi. "Virgil, idona ba ya gani sosai. Duba mini allurar mai."

Na ce, "Tanki a cike yake."

Ya kunna sigina, ya juya kan mota, muka sake shiga gari.