Ɗakunan da Ke Cikin Ƙirjina

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, har yanzu gajiyarsa ba ta sake ni ba.

Shekara ashirin da biyu ina ladanci a masallacin unguwarmu kafin korona ta kwantar da ni. Na tashi, amma numfashina bai tashi tare da ni ba. In na ja kiran salla, sai ya yanke a tsakiya. Ga jam'i sun ce su ni suke jira.

A mafarkin sai ga ni tsaye gaban wata ƙofa tsakanin haƙarƙarina biyu. Na yi sallama, na shiga.

Ofis ne. Wata akuya mai tabarau tana zaune bayan tebur tana tauna hoton ƙirjina da aka ɗauka a asibiti.

"Malam Hashimu, ka makara," in ji ta. "Me ke tafe da kai?"

"Numfashina na zo karɓa."

"Bi ni ka ga inda ya maƙale."

Muka faɗa wani gari mai ƙananan ɗakuna rututu kamar saƙar zuma. Akuyar ta ce huhuna ke nan. Da, in ji ta, bangon kowane ɗaki bai fi ɓawon albasa kauri ba, iska na ratsa shi ta isa ga jini. Yanzu wasu ɗakunan sun rufta, a wasu kuma ruwa na zuba daga ƙasa zuwa sama, ya taru a rufi. 'Yan dako masu jajayen huluna sun yi layi a bakin bango, kowa da kwandon ɗaukar iska, ba mai samun komai.

"Baƙuwar nan korona ce ta yi wannan ɓarna?" na tambaya.

"Ita ta fara, ta shiga ɗaki ɗaki ta hayayyafa. Sauran aikin masu gadin jikinka ne. Sun zo korarta, suka cinna wa unguwar wuta."

Sai muka tsinci kanmu a kan titi. Motoci sun cunkushe, sun manne da juna kamar daskararren man shanu. Wani direba ya leƙo ya ce nan jijiyar jini ce, tun bara yake hanyar zuwa ƙafata.

A ƙoda muka tarar da wata tsohuwa tana tankaɗe da yagaggiyar rariya, gari da tsakuwa duk suna wucewa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sannu da aiki, Iya."

"Kai dai rage gishiri," ta ce.

Muka koma huhu. Magina sun cika wurin suna ta yaɓe bangaye, yaɓe a kan yaɓe.

"Don Allah ku dakata haka," na ce wa babbansu. "Cutar ta tafi."

"Mu ba wanda ya faɗa mana. Inda muka ga rauni, tabo muke sawa."

"To iskar ta ina za ta bi?"

"Wannan ba sashenmu ba ne, Baba."

Na zauna a ƙasa, don ko a mafarki tsayuwa na ba ni wuya. Akuyar ta ja ni da bakin riga har wani lungu inda ɗakuna kaɗan suka tsira. Bangonsu na motsi a hankali, haske na ratsa shi.

"Abin da ya rage maka ke nan," ta ce. "Gwada."

Na sa yatsu a kunne, na buɗe baki. Muryar ta fito ƙarama, ta yi taku uku, ta zauna.

"Wannan ba zai tashi unguwa ba," na ce.

"Ba zai tashe ta ba. Zai dai kai ka masallaci da ƙafarka, in ba ka yi sauri ba."

Ina shirin yi mata gardama sai ƙarar bokiti a bakin famfo ta farkar da ni. Matata Lantana ce ke tarar ruwa. Na zauna a bakin gado ina jiran numfashina ya daidaita. Da ya daidaita, na leƙa tsakar gida na ce mata yau zan je in gaya wa jam'in masallaci su ba wani lasifikar kiran salla.