Ruwan Alwalar Malam Ashafa

Duk wanda ya ji cewa a tsakiyar zafin Madina na taso ɗana tun daga Yanbu don ya raka ni sayen tukunyar ɗumama ruwa, cewa zai yi tsufa ya fara taɓa min kai. To, ya zo gidanmu da azahar ya buɗe famfo ya gani. Tankin ruwa yana saman rufi, rana tana dafa shi tun hantsi, ruwan da ake kira na sanyi har shayi sai ka haɗa da shi. Shi ya sa kowa a nan, da zarar zafi ya shigo, kashe sahhan ɗinsa yake yi, wato tukunyar ƙarfen nan da ke rataye a banɗaki. Ruwan da ya kwana a cikinta ya huce, da shi ake wanka. Namu ya yi tsatsa ya huje tun bara, muka yi ta cewa sai gobe.

Maigidana, Malam Ashafa, ciwon suga ya kashe masa jin ƙafafu. Wata rana ina kicin, ya shiga alwala, ya sakar wa ƙafarsa ta dama famfo yana ta cuɗa tsakanin yatsu kamar yadda yake koya wa ɗalibansa. Bai ji komai ba. Ni na ga fatar ta tashi lokacin da zai saka takalmi. Likita bai yi mana kwana-kwana ba, ya ce wannan da ƙyar za ta warke, idan kuma aka sake, sai dai a yi maganar yanke ƙafar.

Tun daga nan na koma 'yar ga-ruwa a gidana. In tari bokitai da sassafe, in jera su a ɗakin da ke da sanyi, kowace salla in ja guda zuwa banɗaki. Shi kuma mutum ne da ko buta ba ya so a riƙe masa, sai ya yi ta ɗaure fuska kamar ni na ɗora masa ciwon. Bayana ya gaji, zuciyata ma ta gaji, ba zan ɓoye ba. So nake ya shiga ya yi alwalarsa shi kaɗai, ya fito da ƙafarsa lafiya, ni ma in zauna kamar kowa.

Ɗan nawa Haisam ya iso ranar Juma'a, bayan la'asar muka nufi wani shago a wajen Ƙuba. A nan Madina aka haife shi, Hausa yana ji sarai, amma amsa sai da Larabci, ko da kuwa faɗa kake masa. Muna shiga ya miƙe wajen wani ɗan ƙaramin abu kamar akwatin rediyo da suke kira fauri, wanda ke ɗumama ruwa yana wucewa, ba ya ajiyewa. Ya ce wannan ana saita masa zafin da ba zai wuce ba. Ya kuma ce shi a matatar mai yake aiki, ya san abin da rufaffiyar tukunya ke yi idan zafi ya taru a cikinta ya rasa mafita.

Mai shagon, wanda da gani shi ma ya ƙosa da ranar, ya kifa mana tukunya ɗaya ya nuna wani ɗan famfo a ƙasanta. Ya ce wannan ne ke sakin ruwa idan ƙarfin ya yi yawa, a haɗa masa tiyo zuwa magudana, kuma kada wani mai wayo ya toshe shi don yana ɗiga. Sannan ya tambaya ta lita hamsin ko ta tamanin, ta tsaye ko ta kwance.

Na ce wa Haisam faurinsa ba shi da ciki, lokacin zafi ruwan rufi zai miƙa wa ubansa yadda ya zo.

"Lokacin sanyi fa, ya Ummi?" ya ce, da Hausa wannan karon. "Idan kika kunna taki, ruwan da ke ciki sai ya sale fata."

Gaskiyarsa ce, ni ma tawa gaskiya ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na zauna a kan wani kwali, ƙafafuna suna zafi, na ce sanyi bai zo ba tukuna, a ɗauko min ta tamanin, ta tsaye. Ya ɗauka ya saka a mota.

Mai gyaran famfo ya ɗaura ta washegari. Na hana shi haɗa wayar wuta, na bar ruwan ya kwana. Da aka kira azahar na gaya wa Malam ya shiga abinsa, ya buɗe famfon tukunyar, na hagu mai jan tambari, yau babu bokiti. Na samu kujera a falo na miƙe ƙafa, har ina lumshe ido ina jin ƙarar ruwa.

Ruwa ya yi ta zuba, Malam bai fito ba. Can sai na ji ya kira ni a hankali, "Maman Haisam."

Na tarar da shi ya gama fuska da hannuwa, ya naɗe wando, ya dafa bango, ƙafar tana sama, bai kai ta ƙarƙashin famfon ba.

"Zo ki taɓa min," ya ce.

Na ce Malam ai da sanyinsa, da kaina na duba ɗazu.

"Na sani. Amma dai zo ki taɓa."

Mutumin da bai taɓa roƙona komai ba. Tausayinsa ya kama ni, nawa ma ya kama ni. Na saka hannu, ruwan lafiya lau, na ce bismillah. Sai da ya ji daga bakina sannan ya sauke ƙafar.

Da ya tafi masallaci na ɗauko kujerar roba daga kicin na ajiye a bakin ƙofar banɗakin, tunda la'asar ma tana tafe.