Bikin Larai da Rawanin Bulama Ilu

A shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa aka naɗa sabon hakimi a ƙasar Sule Tankarkar. Bai daɗe da zama ba ya aika ƙauyuka, ya ce kowane bulama, wato mai gari, ya zo gaisuwa a sabunta masa rawani. Kowa ya san abin da ake nufi. Wanda ya je hannu rabbana zai dawo ya tarar an naɗa wani.

Bulama Ilu na Kukar Manu kuwa ko tunkiya ba shi da ita. Lokacin yunwa ya buɗe wa mutane rumbunansa har sai da aka share ƙasansu da tsintsiya, dokinsa ma an kai shi kasuwar Maigatari an dawo da dawa. Rawanin nan tun na kakansa ne, kuma tsoron Ilu ɗaya, kada ya suɓuce a hannunsa.

Sai ya shiga zaga gari neman gudummawa. To, Ilu mutum ne da bai iya roƙo ba ko kaɗan. Zai yi sallama, a shimfiɗa masa buzu, ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi jaki, ya yaba darni, sannan ya miƙe ya ce dama wucewa yake yi. Duk yawon da ya sha, abin da ya samo zakara ɗaya ne, shi ma mai ɗingishi.

Ana haka Nata'ala, falken da ke safarar kanwa daga Damagaram, ya tare shi a gindin tsamiya.

"Bulama, kada ka wahalar da ƙafarka," in ji Nata'ala. "Ga sa, ga riga ƙore mai sheƙin shuni, ka kai wa hakimi. Ni dai in rawani ya zauna, ka yanka mini gonar nan ta bakin rijiya."

"Ai ta Goggo Rahamatu ce."

"Tsohuwa me za ta noma? 'Ya'yanta sun tafi tun yunwa, ko labarinsu babu."

Ilu ya ce zai yi shawara. Maganar gaskiya, ransa ya biya, kuma hakan ya ba shi kunya ƙwarai.

Da ya koma gida ya zayyana wa matarsa Larai komai. Tun suna da ƙuruciya suke tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Larai ta ci gaba da kaɗa abawarta, can ta ce, "Bulama, kada ka ba shi amsa sai Juma'a ta wuce." Ta yafa mayafi ta nufi gidan ƙawarta Fadimatu.

Ranar Juma'a da hantsi Ilu yana zaune a zaure sai ya ji guɗa. Ya leƙa, ya ga mata a jere da ƙore a ka, sun nufo gidansa. Mai gero, mai man shanu, mai tabarma, mai ƙyallen saƙi, wata tana jan akuya tana zaginta.

Mata suna da al'adarsu ta biki: ranar sunan ƙawarki ko auren 'yarta ki kai mata abu, ranar naki taron ta mayar miki har da ƙari. Larai tun tana amarya babu sunan da bai gan ta da ƙwarya ba, babu auren da ya wuce ta. Amma ba a taɓa mayar mata ba, don ba a taɓa taro a gidanta ba. Matan garin sun daɗe suna jin nauyin abin, ba su da ranar sauke shi. Yau ta ba su rana.

Ilu ya tsaya a bakin ƙofar cikin gida. An zaunar da Larai a sabuwar tabarma kamar uwar amarya, Fadimatu tana ɗaga kowane kaya tana faɗin mai shi. Can ga Goggo Rahamatu ta shigo tana dogara sanda, da dunƙulen zaren da ta kaɗa da hannunta.

"A kai wa hakimi," in ji Goggo. "A ce masa mu bulamanmu muke so."

Ilu ya kasa haɗa ido da ita. Nan take ya fita ya sami Nata'ala, ya ce masa ya gode, amma ya riƙe sansa. Kayan da aka tara sai da jakuna suka ɗauka, kuma da su ya je wurin hakimi ya dawo da rawaninsa.

Amma ba ranar naɗin ce ta zauna masa a rai ba. Yammacin Juma'ar nan ce, bayan mata sun watse, ya tarar da Larai ita kaɗai a tsakiyar ƙore, tana share ido da bakin zane.

"Larai," ya ce, "wannan fa na ranar sunan ɗanki ne kike ta ajiya."

"Na jira shi har furfura, Bulama. Ba zai ji haushi ba."

Ya zauna kusa da ita a tabarmar, abin da bai saba yi da rana ba. Ta dubi tsakar gidan, duk sawun mata da ɓawon goro, ta yi murmushi.

"Bar shi, kada a share tukuna," ta ce. "Ashe haka gida yake zama in an yi taro."