Allura Biyu a Rana

Ni Hayatu dillalin shanu ne a kasuwar Moriki, kuma da hannuna nake yi wa dabbobina allura. Wannan taƙamar ce ta kai ni ta baro ni.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, tarin fuka ya dawo wa matata Zuhura karo na biyu. A asibitin Ƙaura aka ce ƙwayoyi kaɗai ba za su isa ba, sai an haɗa da allura, ɗaya kullum har kwana sittin, a ɗakin shan magani na garinmu. Mai yin allurar kuwa Gado ne, wanda ya riga ni zuwa zance wurinta tun tana budurwa.

Kullum da safe sai in kai ta, ya ja labule, ni ina kan benci kamar ɗan rakiya. In ji yana cewa, "Sannu, Zuhura, yau tarin ya yi sauƙi?" Zuhura fa, ba ma matar Hayatu ba! Ran kwana na takwas na ji ta yi dariya a bayan labulen. Wallahi ranar ko tuwo ban iya haɗiya ba. Kishi ne, ba zan sake masa suna ba, amma a lokacin addini na kira shi.

Na ce mata, "Ko cikin mota an raba maza da mata, sai ni za a bari wani ƙato shi riƙa buɗe ma iyalina zane?"

Ta ce, "Malam, magani na fa."

Ranar kasuwa na ɗauki kwalbar da ya yar na tafi Ƙaura, na sayo irinta a kemis. Na aika wa Gado cewa za ta koma Shinkafi wurin iyayenta, a can za ta ƙarasa. Sai na yi lissafi irin namu na kara, wato kasuwar shanu: saniya in ciwo ya yi mata nauyi, ninka mata allura ake yi ta miƙe da wuri. Safe ɗaya, yamma ɗaya, mu gama cikin rabin kwanakin, kowa ya huta.

Tarin ya lafa kuwa, har ina hura hanci. Da ta ce fitsarinta ya ragu kuma ya yi duhu, na tuna mata ai an ce ƙwayoyin suna rina shi. Da ƙafafunta suka kumbura, na ce ƙiba ce ta samun lafiya. Sai da ta yini biyu ba ta zaga ba, tana amai, fuska ta haye har idanu sun shige, sannan na ajiye girman kai na je na buga wa Gado ƙofa.

Ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya dubi kwalaben da na tara a kwano, ya dube ni.

"Wa yay yi mata wagga allura?"

"Ni na."

"Sau nawa a rana?"

Na faɗa masa. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Cewa kawai ya yi, "Ƙoda ta. Ko ɗaya a rana sai ana lura. Nemo mota."

Wata guda muka yi tsakanin Gusau da Kano. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi, amma likita ya ce ƙodar ba za ta koma kamar da ba. An hana ta gishiri, an ce kada ta kuskura ta sake ɗaukar ciki, ga shi ɗiyarmu ɗaya tal.

Ba ta taɓa goranta mini ba, ko ga mahaifiyarta ba ta faɗi wanda ya yi allurar ba. Rannan dai kanta yana ciwo, na sayo magani na miƙa mata da ruwa. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ƙulle shi a bakin zane.

Na ce, "Ba ki sha?"

Ta sunkuyar da kai. "Bari dai gobe in gwada ma Gado tukuna."