Kumfa Ɗaya a Kan Kejin Kifi

Tun hantsi Mande take zaune a baranda da faifan ɓaure a cinya, amma ko ɗaya ba ta tsaga ba. Idonta na can ƙasa, inda kejin kifin kamfani ke shawagi. Teku ya kwanta luf kamar an zuba masa mai, irin kwanciyar da ba ta so.

Shekara da shekaru kumfa biyu take gani a wurin nan. 'Ya'yanta ne, Stipe da ƙanensa Duje, suna can ƙarƙashin ruwa suna ɗinke raga, numfashin kowa na tasowa sama. In ɗaya ta yi gabas, ɗayar na biye da ita.

Yau kumfa ɗaya ce.

*

Da bazara ne kamfani ya tura Duje birnin Split, kwas ɗin nutso ba abokin tafiya. Ya dawo yana ta washe baki, ya baje kaya a tsakar gida.

"Mama, dubi nan. Tulun iska biyu, wuƙa biyu, fitila biyu. In wannan ya ƙi, ga wancan. Ba su ce mu riƙa shiga mu kaɗai ba fa, dogaro da kai suka koya mana."

Stipe ya ɗaga wuƙar ya jujjuya. "To, gwani. Bara da raga ta sarƙe ka ta ƙeya, wa ya yanke ta? Ko sun ba ka hannu na uku a gadon baya?"

"Kai dai Yaya, hassada ce kawai!"

Suka yi dariya har da Mande. Allah sarki, ai da sun sani.

Malaman kwas ba su yi ƙarya ba, yaron ya ƙara natsuwa, ko numfashinsa ya fi tsawo. Sai dai manajan kamfani shi ma ya ga takardar shaidar kwas ɗin, ya kuma karanta ta yadda ta yi masa daɗi: mutum ɗaya ya isa. Kafin a tsinki inabi aka sallami Stipe, aka karɓe tulunsa.

*

Yanzu ga shi nan a gindin zaitun, yana kankare fentin wani tsohon kwale-kwale, ya ba teku baya da gangan.

"Stipe," Mande ta kira shi a hankali. "Kumfar nan ba ta gusa ba."

"Ɗinki yake, Mama. Mai ɗinki ai ba ya yawo."

"Ɗinki na san shi. Wannan tafasa take yi."

Ya waiwayo. Kumfar na ɓulɓulowa wuri guda, da yawa, da sauri, irin ta mai kokawa da wani abu. Direban jirgin kamfani kuwa na kwance a inuwar rumfa, hula a fuska.

Stipe ya zabura. Ya gangara da gudu ba ko takalmi, ba tulu, ba komai sai ƙirjinsa da wuƙar kankare fenti. Ta ji yana jan igiyar injin kwale-kwalen maƙwabci, yana ja, yana zagi, yana ƙara ja.

Mande ta miƙe, ɓauren ya watse a ƙasa. Ta kafa wa kumfar ido tana numfashi tare da ita, kamar hakan zai ƙara wa kumfar kwana. Kumfar ta ragu. Ta koma ɗai-ɗai.

Lokacin da injin ya kama, ruwan da ke kan kejin ya riga ya kwanta sumul, har ana ganin gajimare a cikinsa.