Layin da Ja'afaru Ya Goge

A shekarar da man fetur ya gagari talaka, mutanen ƙauyen su Fadima, can bayan Tofa, suka jingine janareta suka sa wa rijiyar burtsatsensu famfo mai aiki da hasken rana. Rijiyar kaɗai ta rage da ruwa, ita ma da rani sai an lallaɓa ta.

Fadima ce ta rubuta wa famfon umarninsa a kwamfuta, da yake abin da ta karanto ke nan a Kano. Umarnin gajere ne: ya ja ruwa kaɗan, ya riƙe yawan abin da ya rage a ƙasa, sannan ya sake kiran kansa ya maimaita. Amma kafin kowane kira akwai layi guda da ke duba ko ruwan ya ja baya. In ya ja, famfo ya tsaya sai rijiya ta tara.

Mabuɗin ɗakin injin kuwa yayanta Ja'afaru aka ba, wai shi ne namiji. Ja'afarun da ko batirin tocila ba ya canzawa sai ya yi jawabi! Ɗan zaman da ya yi a shagon kwamfuta shi ne duk iliminsa.

Ran nan ta same shi a ɗakin da kwamfutarta a cinya.

"Injin nan malalaci ne," in ji shi. "Mutane na jira ya tsaya? Na goge abin da ke tsayar da shi."

"Yaya, in babu layin nan kiran kansa zai ta yi har ya sha laka ya ƙone. Ba ni in mayar."

"Ke dai ba kya so a ce na gyara miki."

Ya kulle ɗakin ya jefa mabuɗi a aljihu. Takaici ya ishe ta, ta kai ƙara wajen Baba. Baba ya ce ta daina raina na gaba da ita.

Da farko ruwa ya yi ta ambaliya, ana shi wa gwani albarka har a masallaci. Sai ruwan ya koma ja, sai ƙaurin waya, sai tsit.

Fadima na tsakar gida tana naɗa wa Inna gammo, don tsohuwar ta ce sai ta bi mata neman ruwa ƙauyen gaba, ta jiyo mai unguwa a zaure yana tambayar wanda ya tsara injin. Muryar Ja'afaru ta fito a sanyaye, cike da ladabi.

"Ranka ya daɗe, ai duk aikin Fadima ne."