Hujin Akodiyon Pak Atan

A tsibirinmu ba a taɓa jin Pak Atan ya ce wa mutum a'a da bakinsa ba. Kunya ta yi masa yawa, ko ruɓaɓɓen kifi ka ba shi sai ya yi maka godiya. Amma kada wannan ya ruɗe ka, don taurin kai gare shi kamar kututturen kwakwa, kuma abin da baki ya kasa faɗa akodiyon ɗinsa ke faɗa masa. In ya yarda da magana, sai ya rungumi akwatin kiɗan nan a ƙirji ya saki joget, kiɗan rawa mai sauri. In bai yarda ba, sai ya ja zugazuginsa a hankali, ya fito da dogon taken nan na makoki da ake yi in teku ta ci masunci. Da wannan taken ya hana ɗansa sayen babur, da shi kuma ya kori maƙwabcin da ya so a rage wa mangwaron gidan reshe.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana matarsa Mak Embun sakat shi ne da taken nan ya sallami masu neman auren 'yarsu Rokiah har sau uku. Mutane su zo da akwatin ganyen sirih, goronmu na neman aure, a shimfiɗa musu tabarma, su sha gahawa, sai a yi musu kiɗan gawa. Haka za su naɗe kayansu su koma jiki a sanyaye. A zuwa na biyu ma wata tsohuwa har kuka ta yi, wai ta tuna mijinta.

In Mak Embun ta tsare shi sai ya zaro ido. "Ni? Me na ce? Kin ji na buɗe baki?"

Ta san dalilinsa sarai. Tun Rokiah tana 'yar ƙarama take bin sa gidajen biki, yana kiɗa tana rera baitocin labarin kakannin amarya da na ango, wa ya zo daga ina, jirgin wa ya kife, wa ya auri wa. Ba ya son rasa ta, shi ke nan.

To, yanzu ga Kamis, mai gyaran injin kwalekwale daga wani tsibiri can nesa, kuma shi Rokiah ke so tun daga zuciya. Ana gobe danginsa za su zo ta samu uwarta a madafa.

"Inna, in Baba ya yi wa wannan kiɗan gawa, wallahi na rufe maganar aure. In zauna in tsufa a gidan nan, in riƙa waƙa a bikin jikokin ƙawayena."

Ba kuka take ba, kuma wannan ne ya tsorata Mak Embun. Ɓoye akodiyon ba dabara ba ce, ta taɓa gwadawa. Ta tura shi cikin buhun shinkafa, Pak Atan ya zauna gum a gaban baƙi yana murmushi har sai da kunya ta sa ta fito da shi da kanta.

Da safe tana soke nama a tsinke don tsiren baƙi, mijin ya sauka bakin ruwa duba taru, sai ta tsaya tana kallon tsinken da ke hannunta. Shekara da shekaru tana jin mitarsa cewa babban abokin gaban akodiyon shi ne yoyon iska, wai in zugazugi ya huje ba a iya jan dogon sauti. Ta shiga ɗaki, ta kifa akwatin kiɗan, ta yi bismilla kamar mai yanka kaza, ta soka tsinken a ninkin ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ta murza, ta ƙara murzawa, har sai da ɗan yatsanta ya shiga. Ta nemi gafarar Allah, ta koma kan tsirenta.

Bayan azahar baƙi suka iso. Gwaggon Kamis ce ke jagora, Mak Saodah, mace mai jiki da murya. Ga kuma Wak Dolah, maƙwabci mai kiɗan bandiri, wanda kunnensa ya yi nauyi. Duk zuwan masu neman aure sai ya zo da bandirinsa cike da fata, ya koma bai taɓa shi ba.

Mak Saodah ta tura akwatin sirih gaba. "Pak Atan, ɗanmu ne ya wuce ta nan ya hango wani fure a lambunku, tun ranar ba ya cin abinci. Shi ne muka zo tambaya, furen nan yana da mai shi?"

"Madalla, madalla," in ji Pak Atan. "Bari in ɗan yi tunani."

Ya miƙa hannu ya ɗauko akodiyon. Wak Dolah ya yi ajiyar zuciya ya ture bandirinsa gefe. A bayan labule Rokiah ta damƙe hannun uwarta har ya yi zafi.

Pak Atan ya lumshe ido, ya karkata kai, ya ja zugazugi a hankali. Sautin farko na makokin ya fito da kyau, amma kafin ya kai rabi ya shaƙe ya mutu, sai wani fuuu daga ƙasa. Wata yarinya cikin baƙi ta toshe baki. Ya buɗe ido ɗaya, ya sake ja, iska ta sake gudu. Ya ƙara sauri don ya riƙe sautin, ya ja ya tura, ya ja ya tura, gwiwar hannunsa na tashi kamar ta maƙeri ranar kasuwa. Taken makoki ne dai yatsunsa ke bi, amma da wannan gudun ko mamacin ma ba zai gane shi ba.

Wak Dolah bai ji take ba, hannu ya gani yana sauri. "Joget ne! Wallahi joget ne!" Ya wawuri bandiri ya shiga duka da ƙarfin wanda ya daɗe yana jira.

"Dolah, tsaya..."

"Na'am? In ƙara? To!"

Mak Saodah ta miƙe da duk jikinta. "Alhamdu lillahi, ya ba mu!" Ta shiga rawa har katakon daɓen gidan na kuka, sauran mata suka mara mata baya. Yara suka kwasa a guje suna shelar cewa Pak Atan ya yi joget. Masu shanya kifi suka bar kifinsu suka zo ganin abin al'ajabi. Pak Atan na tsakiya gumi na tsiyaya, bai tsaya ba har sai da aka buɗe akwatin sirih aka miƙo masa ganye. Ya karɓa ya tauna, magana ta ƙare.

Da la'asar sakaliya, bayan kwalekwalen baƙi ya tashi, Mak Embun ta same shi a baranda shi kaɗai, akodiyon na kan cinyarsa. Murna take, amma tausayinsa ya kama ta. Ta ajiye gam da ɗan guntun fata a gabansa.

"Baban Rokiah, akwai maganar da zan..."

"Da tsinken tsire, Embun?" Bai ɗago kai ba. "Duk cikinsa warin ƙuli yake."

"Ka yafe mini. Ban ga wata hanya ba."

"Kuma ba ki iya ɓarna ba ma." Ya kifa akodiyon ya nuna mata. "Dubi inda kika huda. Daidai inda yake zama a kan cinyata. Ƙafa kawai zan ɗan ɗaga ya toshe."

Ta dube shi baki buɗe. "To me ya hana ka?"

Ya daɗe yana shafa fatar zugazugin. A bayan gida ana jin Rokiah tana wanke-wanke tana rera waƙa.

"Na hango ƙafafunta a ƙarƙashin labule," ya ce. "Rawa suke, tun ba a fara ba. Ba rawar kiɗa ba, ta fargaba."

Mak Embun ta jawo gam ɗin ta buɗe. "Kawo in liƙe maka."

Ya riƙe hannunta. "Bar shi sai bayan biki. In kika liƙe yanzu, na san kaina. Ranar da za ta hau jirgi wancan taken zan yi, kuma ba na son yarinyar nan ta tafi da shi a kunne."